MOTA DA DIREBA: Idan Kuloci Ya Yi Laushi, Kada A Bar Jaki A Doki Taiki

Duk direban da ya daɗe da mota, ƙafarsa ta hagu ta san nauyin kulocinta kamar yadda mahayi ya san linzamin dokinsa. Ran da nauyin nan ya sake, watau ya taka ya ji kamar soso ya taka, ko kuwa fedar ta nutse har ƙasa ba tare da wata gardama ba, to, ba sai an gaya masa akwai magana ba. Abin da ya rage shi ne a san inda maganar take, kuma a daidai nan ne masu tsofaffin motoci da yawa suke hasarar kuɗi da kwanakin aiki.

Ga irin labarin da ba a rasa ji a gareji. Mai mota ya shiga gosulo a Ikko, ya sa giya ta ɗaya, ya danne kuloci yana jiran a motsa. Can sai ya ga motar tana rarrafawa da kanta tana neman bayan ta gabanta, alhali ƙafarsa ba ta ɗaga ba. Da ƙyar ya fizge giyar ya maida ita firi. Da ya isa gareji, yaron makanike ya taka sau ɗaya ya ce, "Alhaji, kuloci ya mutu, sai an sauke giyabos." Aka sauke, aka sayo sabon faifai, aka ɗaura, mota ta kwana biyu a kan rami. Ba a yi mako guda ba laushi ya dawo yadda yake. Sai da wani dattijon makanike ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari da tocila, ya ga mai ya jiƙa shimfiɗar ƙafa, sa'an nan aka gane ashe wata 'yar roba ce da ba ta kai girman sule ba ta gaji. An bar jaki an doki taiki ke nan.

Maganar da ya kamata mai mota ya riƙe ita ce, laushin feda galibi ba daga faifai yake ba. Yawanci ciwon yana kan hanyar da ke tsakanin ƙafar direba da jikin giyabos, kuma ana iya gano shi cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ba tare da an kwance wani babban abu ba.

YADDA ABIN YAKE AIKI

A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi wanda ke juyawa tare da shi. A jikinsa ne faifan kuloci yake kwance, wani murfi mai sifirin mai ƙarfi yana matse da shi. Muddin matsin nan yana nan, ƙarfin inji yana wucewa zuwa giyabos, daga nan zuwa tayoyi. Idan direba ya taka feda, wani ƙarfe mai kamar gwafa yakan tura boris, boris ya danna sifirin, matsi ya sake, inji ya rabu da giya. Taka kuloci ke nan gaba ɗayansa.

Amma ƙafa tana cikin mota, gwafa kuwa tana ƙarƙashi, saboda haka dole a sami ɗan aike a tsakaninsu. Masu ƙera motoci sun bi hanya biyu. Ta fari ita ce waya ta ƙarfe, irin wadda ke jikin Volkswagen Beetle, wadda mutanen Ikko ke kira Ijapa, watau kunkuru, wadda kuma aka fara harhaɗawa a kan hanyar Badagry a shekarar 1975. Ta biyu ita ce mai, irin na Peugeot 504, watau Fijo, wadda Faransa ta fito da ita a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ta yi ta harhaɗa ta har bayan shekarar 2000. Toyota Hiace da Hilux da Land Rover da Mercedes 200 duk na mai ne.

A mai amfani da mai, feda tana tura fistin a cikin wata ƙaramar silinda da ke manne a bangon da ya raba inji da direba. Ita ce makanikai ke kira masta, ko kuwa kuloci na sama. Mai yakan bi ta siririn bututun ƙarfe, sa'an nan ya bi wani guntun tiyo na roba, ya isa silinda ta biyu da ke jikin giyabos, watau kuloci na ƙasa, ita kuma ta tura gwafa. Asirin abin shi ne ruwa ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka danna masa a nan, zai kai shi can ba ragi, kamar yadda masanin nan na Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun a ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. Idan ta sami shiga bututu, sai direba ya taka, maimakon ƙarfin ya isa gwafa sai ya ƙare wajen matse iskar. Asalin laushi ke nan a yawancin motoci.

LAUSHI IRI-IRI NE

Kafin a taɓa sifana, ya kamata a tsaya a saurari ƙafa, domin kowane irin laushi yana da inda yake nunawa.

Akwai laushin soso, wanda feda ke tafiya sakwa-sakwa, amma idan aka taka ta sau biyar ko shida a jere da sauri sai ta yi ƙarfi giya ta shiga, in an jima kuma ta koma gidan jiya. Wannan alamar iska ce a cikin bututu, ko kuwa mai ya yi ƙasa ƙwarai.

Akwai laushin zurarewa, wanda feda ke da ɗan nauyinta a farkon taku, amma idan aka riƙe ta a ƙasa cikin giya, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai mota ta fara ja. Wannan shi ya sami mai motar nan ta gosulo. Ma'anarsa mai yana sulalewa ta gefen roba, ko dai ya fita waje, ko kuwa ya koma kofinsa ta cikin masta.

Akwai faɗuwa gaba ɗaya, watau feda ta tafi ƙasa ta zauna, sai an sa hannu ko yatsun ƙafa an ɗago ta. Nan ko mai ya tsiyaye ƙaf, ko waya ta tsinke, ko gwafa ta karye.

Akwai kuma wani abu dabam wanda ake yawan rikita shi da waɗannan, shi ne santsin faifai. A nan giya tana shiga lafiya lau, amma idan an ba da wuta a kan hawa sai inji ya yi ta kuka mota ba ta ƙara gudu, wani lokaci har da ƙaurin ƙuna. Wannan shi ne ciwon faifai na haƙiƙa.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a lura da inda kuloci yake kamawa. Idan da an ɗan ɗaga ƙafa daga ƙasa mota take zabura, to, kuloci ba ya saki sosai, kuma laifin yana wajen mai ko waya. Idan kuwa sai an kusa sakin feda duka sa'an nan mota ta motsa, to, faifai ne ya cinye, ko kuwa an ɗaure waya fiye da kima. Bugu da ƙari, a motoci masu murfi irin na sifirin guda, cinyewar faifai takan ƙara wa feda nauyi ne. Saboda haka wanda ya ji feda ta yi laushi, nan take ya yanke hukunci a kan faifai, ya yi gaggawa.

A FARA DAGA KOFIN MAI

Binciken yana da tsari, daga mai araha zuwa mai tsada. A ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, a ja hambirki, a buɗe bonet.

Da fari a duba kofin man kuloci. A motar da kuloci ke da kofinsa shi kaɗai, man nan ba ya ƙonewa kuma ba ya raguwa don tsufa. In ya ragu, lalle akwai inda yake fita. A wasu motocin kuwa, kamar Mercedes 200, kofi ɗaya ne yake ciyar da birki da kuloci, an kuma sa bakin kuloci sama da na birki da gangan, domin idan mai ya yi ƙasa kuloci ya riga birki shan iska. A irin wannan mota laushin kuloci yana iya zama gargaɗi ne daga birki. Kada a motsa ta sai an duba bututun birki da ƙafafu huɗu duka, domin wannan ta wuce maganar kuɗi, ta zama maganar rai.

A kuma dubi launin man. Sabon mai garai-garai yake, da ɗan rawaya kaɗan. Idan ya yi baƙi kamar ruwan shayi mai kauri, robobin ciki ne suke narkewa a cikinsa, shi kansa kuma ya daɗe ba a sake shi ba.

Na biyu, a bi sawun yoyo. A durƙusa a leƙa saman feda daga cikin mota, inda sandar da ke tura masta ta ratsa bango. Idan wurin ya jiƙe, ko fenti ya kumbura ya ɓare, ko shimfiɗar ƙafa tana danshi mai santsi, masta ne. Daga nan a koma ƙarƙashi wajen silinda ta ƙasa, a ɗan janye robar da ke rufe bakinta domin tsare ƙura. Cikin robar nan ya kamata ya zama a bushe. In mai ya zubo daga ciki, silindar ta gaji. A bi bututu da yatsa daga sama har ƙasa, musamman wajen mahaɗai da inda yake gogar ƙarfe. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota kada ya dogara da jak shi kaɗai. A kai ta rami, ko a tokare ta da abin da ba ya gocewa.

Na uku, a sa wani ya taka feda, mai bincike ya riƙe tiyon roba a hannunsa. Tsohon tiyo yakan yi rauni ta ciki, da an taka sai ya kumbura kamar balan-balan, ƙarfin da ya kamata ya isa gwafa ya tsaya a nan. Ba ya yoyo, saboda haka ido ba ya kama shi, sai hannu.

Na huɗu, a kalli sandar silinda ta ƙasa yayin da ake takawa. A yawancin motoci takan fito abin da ya kai santimita ɗaya zuwa biyu, kuma littafin motar yana faɗin ainihin adadin. Idan ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya, ciwon yana bayanta, watau wajen mai. A ce wa mai takawa ya riƙe ƙafarsa a ƙasa na rabin minti. Idan sandar ta fito sa'an nan ta riƙa komawa sannu a hankali, ga shi ba a ga yoyo ko'ina ba, mai kuma bai ragu a kofi ba, to, robar cikin masta ce take barin mai ya koma baya. Wannan shi ne ciwon da ya fi ruɗa mutane, domin ba ya barin ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Na biyar, a duba fedar kanta. Ƙusar da ta haɗa feda da sandar masta takan ci raminta har ya zama dogo, zoben da feda ke lilo a kansa shi ma yakan cinye. Sai a ga rabin takun ya tafi a banza kafin fistin ya fara motsi. A motocin da suka sha shekaru da tsatsa, bangon da masta ke manne a kai yakan tsage, da an taka sai a ga masta ɗungurungum yana rausaya. Wannan aikin mai walda ne.

Akwai kuma laushin da ke zuwa da zafi. Da safe kuloci lafiya, amma bayan sa'a guda cikin gosulo, ko bayan doguwar tafiya da lodi a wuri irin hawan Kibo, sai feda ta yi laushi, in mota ta huce kuma ta dawo daidai. Dalili shi ne man birki yana shan danshi daga iska. Sabon mai mai lambar DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Selsiyos, DOT 4 kuwa sai 230. Amma idan suka sha ruwa abin da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, adadin yakan faɗo zuwa 140 da 155. A motar da bututu ya bi kusa da salansa, tsohon mai yakan fitar da tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska. Garuruwan bakin teku masu yawan laima, irin su Ikko da Fatakwal, sun fi saurin jawo wannan.

MASU WAYA

Motar da kulocinta na waya ne ba ruwanta da iska ko yoyo. Wayar silili ne na ƙarfe da aka tufka kamar igiya. Idan ta fara tsufa takan miƙe, wasan feda ya yi yawa, kuloci ya koma kamawa a ƙasa. A gwada wasan da hannu: a danna feda a hankali har a ji ta ci karo da nauyi. A Beetle wasan nan milimita 10 zuwa 20 ne, ana kuma daidaita shi da wani noti mai kunnuwa biyu da ke ƙarshen wayar, can baya a jikin giyabos.

Sai dai a yi hattara. Wayar da aka ɗaure yau, bayan kwana uku ta sake sakwarkwacewa, ba miƙewa take yi ba, sililinta ne suke tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, yawanci daf da bakinta na sama ko na ƙasa. Wani lokaci akan ji ƙaras-ƙaras a ƙafa. Irin wannan waya kwananta ya ƙare, a sake ta tun a gida, kada ta zaɓi tsakiyar daji. A Beetle har wa yau, bututun da wayar ke bi a cikin ƙashin bayan motar yakan ɓalle daga waldarsa, sai a ji ƙwas a ƙasa duk sa'ad da aka taka, feda kuma ta yi laushi ko da waya sabuwa ce.

Kada kuma a ɗaure waya tamau har wasa ya ɓace, da nufin feda ta yi ƙarfi. Yin haka yana barin boris yana gogar sifirin dare da rana, faifai ya riƙa santsi, a ƙarshe a jawo wa kai sauke giyabos ɗin da ake gudu.

YAUSHE ZA A SAUKE GIYABOS?

Akwai gwaji uku da mai mota zai iya yi da kansa kafin ya amince.

Gwajin fari: a kashe inji, a zagaya giyoyi duka. Idan suna shiga sumul inji a kashe, amma suna ƙi ko suna gurnani inji a kunne, giyabos lafiyarsa ƙalau, kuloci ne ba ya saki.

Gwaji na biyu: inji a kunne, a taka kuloci har ƙasa, a ƙirga biyar, sa'an nan a sa ribas a hankali. A yawancin tsofaffin motoci ribas ba shi da zoben da ke daidaita gudun haƙora kamar sauran giyoyi, saboda haka ba ya rufa wa kuloci asiri. In ya yi ƙara, a taka feda sau shida a sake gwadawa. Idan ƙarar ta ɓace, an kama ɓarawo: iska ce ko roba.

Gwaji na uku na faifai ne. A fili inda babu kowa a gaba, a ja hambirki sosai, a sa giya ta uku, a ba da wuta kaɗan, a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, faifai yana da sauran rai. Idan ya ci gaba da aiki feda a sake, faifai ya cinye. Kada a maimaita wannan gwaji barkatai, domin shi ma yana cin faifai.

Saboda haka sauke giyabos yana wajaba ne idan faifai ya faɗi gwaji na uku. Ko kuwa sandar ƙasa tana fitowa cikakkiya ta kuma tsaya cak, amma duk da haka giya ba ta shiga, wanda ke nuna gwafa ta lanƙwashe ko ta tsage, ko sifirin murfi ya karye. Ko kuwa ana jin kukan boris duk sa'ad da aka taka. Sai kuma motoci da yawa ƙirar shekarun 1990 zuwa sama, waɗanda aka sa silindarsu ta ƙasa a can ciki, a haɗe da boris. A irinsu alamar yoyo ita ce man birki yana ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos, kuma ba makawa sai an sauke. In har an sauke, hikima ita ce a sake faifai da murfi da boris a lokaci guda, domin kuɗin aikin ɗaya ne. A kuma gargaɗi yaran gareji kada su hure ƙurar tsohon faifai da baki ko da iskar famfo, domin faifan da can da yawa da asbestos aka yi su, ƙurarsa kuwa tana lalata huhu. Tsumma mai danshi ya isa.

GYARA DA ZAƁEN MAI

Idan iska ce, maganinta fitar da ita, abin da makanikai ke kira bilidin. Aikin mutum biyu ne. A cika kofi da sabon mai. A jikin silinda ta ƙasa akwai ɗan noti mai huda. A sa masa siririn tiyo, a tsoma ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai a ciki. Na ciki ya taka ya riƙe, na ƙasa ya buɗe noti mai ya fito da kumfa, ya rufe, sa'an nan na ciki ya ɗago feda, ko da da hannu ne. A yi ta maimaitawa har kumfa ya ƙare, ana ƙara mai a kofi kada ya ƙafe, domin in ya ƙafe an koma farko. Wanda ya fito cikin kwalba ba a maida shi. A kuma tabbata notin yana ta sama da bakin bututu, gama iska sama take taruwa. Silindar da aka ɗaura a juye ba ta taɓa yin bilidin ya kammala.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska ba ta shiga bututun da yake a rufe haka kawai. Motar da ake yi wa bilidin duk mako tana da roba ko mahaɗa da ta gaji, kuma makaniken da ya tsaya ga bilidin kaɗai jinkirta ciwo yake yi.

Game da robobi, ana sayar da su a ƙulli a kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Ikko, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Nkwo a Nnewi. Kafin a saya, a kwance silinda a haska cikinta. Idan cikin sumul yake, sabuwar roba za ta zauna. Idan tsatsa ta yi masa ramuka ko fistin ya karce shi, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba, gara a sayi silinda sukutum. Tun da masta da silinda ta ƙasa sa'o'in juna ne, mai ɗaya suka sha shekara da shekaru, wanda ke da hali ya sake su tare, domin sau da yawa sabon masta mai ƙarfi shi ke fasa tsohuwar robar ƙasa. A tafi kasuwa da tsohon a hannu a gwada faɗin baki, a kuma tuna araha ba ta ado.

Abubuwa uku ke kashe robobin nan da wuri. Na ɗaya, wanke su da fetur ko kananzir, wanda ke kumbura roba ta yi laɓo-laɓo. Da man birki mai tsabta ake wanke su. Na biyu, zuba baƙin mai ko man giya ko man sitiyari a kofi, wanda ko kaɗan ne ya isa ya lalata kowace roba da ke kan hanyar. Na uku, ɗabi'ar wasu direbobi ta zuba ruwan sabulu idan mai ya yanke a hanya. Gaskiya ne yakan kai mota gari na gaba, amma yana shuka tsatsa a cikin silinda, yana kuma tafasa a digiri 100. A motar da kofinta ɗaya ne da birki, yin haka wasa da rayukan fasinja ne. Wanda larura ta sa ya yi a kofin kuloci, ya wanke hanyar duka da sabon mai a ranar da ya sauka.

A yi amfani da lambar da aka rubuta a murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4. Mai lambar DOT 5 wani jinsi ne dabam, ba a gauraya shi da su. A sayi gwangwani mai hatimi, kada a sayi na tsiyaye a kwalbar da ta kwana a buɗe, domin ya riga ya sha danshi. A sake man duka kimanin duk shekara biyu, na kuloci tare da na birki. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan da nan, gama yana cin fenti.

IN ABIN YA FARU A HANYA

Direban da ya ji mota tana ja alhali kuloci yana ƙasa, ya taka birki da ƙarfi. Gara inji ya mutu da a hau bayan wani, ko a ture mai tsallaka titi. Daga nan ya daina jira cikin giya: duk inda ya tsaya ya maida ita firi, ya taka feda sau da yawa kafin ya sake sa giya, ya lallaɓa zuwa gareji mafi kusa. Kada a riƙa cusa giya da ƙarfin tsiya, domin kowane gurnani da aka ji zobban cikin giyabos ne suke cinyewa, kuma gyaransu ya ninka na roba sau da yawa.

Masu doguwar tafiya, daga Agege ko Sabo ta Badun zuwa Arewa, su sani ba a fafe gora ranar tafiya. Leƙa kofin mai ba ya cin minti guda, kuma gwangwanin man birki mai hatimi, da sifana daidai da notin bilidin, da guntun tiyo, ko kuwa wayar kuloci ta ajiya ga masu waya, ba su da nauyin da zai hana a ɗauke su.

Ga makanikai kuma, amana ce mai mota ya kawo. Wanda ya ce a sauke giyabos, ya fara nuna wa mai ita kofin mai, da ƙarƙashin feda, da tafiyar sandar ƙasa. Mai mota shi ma yana da haƙƙin ya ce, "Malam, a nuna mini in gani tukuna." Makaniken kirki ba ya fushi da wannan tambaya, domin shi ma daga nan yake farawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba dalilan da ke sa kuloci ya yi tauri har ƙafa ta gaji. Allah ya kiyaye hanya, amin.